Kunya a Gonar Suruki

Ranar da Japheth ya faɗi a gonar Baba Tomas, shi ne a gaba. Wannan kowa ya shaida, har waɗanda ba sa ƙaunarsa. Samarin gayya suna can baya suna haki, makaɗi ya baro su ya biyo shi da ganga yana kiran sunansa, shi kuwa sai zuba kunya yake yi bayan kunya, kamar ƙasar ce ke tashi da kanta tun garma ba ta taɓa ta ba. A gindin ɗorawa mata sun jera tulunan burkutu da ƙoren tuwo, a cikinsu har da Beatrice, 'yar Baba Tomas, wadda dominta ake wannan huɗa. Al'adar ƙauyen ke nan, can bayan Kutemeshi a bakin daji: saurayin da ke neman aure sai ya tara abokansa ya nome wa uban yarinya gona, a ga ƙarfinsa, a ga halinsa. Gonar bana kuwa ba ta wasa ba ce. Shekarun da 'yan bindiga suka hana kowa leƙa bakin daji sun mai da ita saura, ƙasa ta yi tauri, saiwoyi sun kama ko'ina.

Ana cikin haka garma ta kuɓuce masa. Ya tsaya ƙiƙam yana kallon sama, ya yi wata ƙara da ba ta yi kama da muryarsa ba, ya zube tsakanin kunyoyi yana shure-shure, kumfa na fita ta bakinsa. Bakin garmar ya yanke shi a damtse. Ganga ta yi tsit. Ba wanda ya matso sai Beatrice, ita ma gwaggonta ta cafke mata zane tana ihu, "Kar ki taɓa shi! Kar yawun ya taɓa ki!"

Kafin rana ta faɗi, kalma guda ta zagaye ƙauyen: farfaɗiya.

Shi Japheth bai tuna komai ba. Ya dai farka a ɗakinsa da harshe a tattaune, da uwarsa Ladi zaune a bakin ƙofa tana kuka ƙasa-ƙasa. Sauran labarin a fuskokin mutane ya karanta shi. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, da aka zauna a inuwa ana zagayawa da ƙoƙon burkutu, sai ya ga an ɗauko wani tsohon ƙoƙo mai tsaga an ajiye a gabansa shi kaɗai. Ba wanda ya ce masa uffan. Da ma sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Sannan abokinsa Judah ya zo da saƙo daga gidan su Beatrice, yana faɗa yana sosa ƙeya: Baba Tomas ya ce a dakata da maganar tukuna. Duk wanda ya taɓa neman aure ya san abin da "a dakata" ke nufi.

Japheth ya so Beatrice tun suna gudun hijira a cikin garin Birnin Gwari, lokacin da take soya ƙosai a bakin makarantar da aka tsugunar da su, shi kuma yana dawowa daga ramin haƙar zinariya jikinsa ja wur da ƙasa. Ita kaɗai ce ke gane shi a cikin wannan ƙasar, ta ɗago kai ta ce, "Ga tukunya ta taso da ƙafarta." A kan wannan tsokana ya gina rayuwarsa gaba ɗaya, ɗaki, da gona, da sunayen 'ya'yan da ba a haifa ba. Yanzu ga shi duk ya rushe a tsakanin kunyoyi biyu.

Ciwon damtsen ya kumbura ya fara ruwa. Ranar kasuwa Judah ya ɗora shi a babur ya kai shi asibitin sha-ka-tafi da ke garin gaba, ya tsaya a waje yana taya masu jiran layi hira.

Jami'ar lafiyar wurin, Malama Halima, mace ce mai ɗan shekaru, da tabarau da farar riga a kan hijabinta. Ta kwance tsumman da aka ɗaure ciwon da shi, ta yamutsa fuska.

"Garma ce?"

"Garma ce, Sista."

"Taka ko ta wani?"

"Tawa."

"To, ba shari'a ke nan. Miƙo hannun."

Tana wankewa ya ba ta labarin faɗuwar, kansa a ƙasa. Ta tambaye shi ko ya taɓa yin haka yana yaro, ko akwai mai yi a danginsu, ko ya taɓa buguwa a kai, ko ya yi zazzaɓi a kwanakin. Duk babu.

"Akwai wasu tambayoyi da nake yi wa kowa," in ji ta, "har liman da fasto ba na ɗaga musu ƙafa. Ka yarda in yi maka?"

"Bismillah," ya ce, don ya saba da bakin maƙwabtansa Musulmi.

"Kana shan giya?"

"Ban taɓa sa kwalba a bakina ba."

Gaskiya ya faɗa. A wurinsa giya ita ce ta kwalba, ta mashayar bakin titi, wadda 'yan birni ke sha su yi ta tangaɗi.

"Ƙwaya fa?"

Ya fizge hannunsa har audugar ta faɗi. "Haba, Sista! Ni na yi miki kama da ɗan ƙwaya?" 'Yan ƙwaya ai su ne masu jajayen idanun nan na tasha. 'Yan ƙwaya su ne waɗanda suka fito daga daji suka ƙone rumbun ubansa suna dariya, kowa ya ce ba a cikin hayyacinsu suke ba. A haɗa shi da su?

Malama Halima ba ta yi musu ba. Ta ɗauki sabuwar auduga, ta jira har ya maido hannun da kansa.

"Yi haƙuri, ƙanena. Tambayar ce ban iya ba. Bari mu bar ta. Ba ni labarin ranar kawai, tun daga tashinka. Me da me ka sa a cikinka?"

Wannan mai sauƙi ce. Ya ce ya sha shayi da sassafe, da maganinsa a ciki.

"Wane magani?"

"Maganin ƙarfi mana. Na aiki. Taramol. Tun muna ramin zinariya kowa da shi yake karya kumallo, in ba haka ba wa zai iya wuni a rami? A kemis ake sayarwa, Sista, a cikin kwalinsa, ba a ɓoye ba."

"Na gane. Ranar kamar kullum ka sha?"

Ya yi ɗan murmushin kunya. "Gonar suruki ce fa. Na ninka. Da rana ta ɗaga na ga kamar wani yaro zai kamo ni, na ƙara."

"Sai kuma me?"

"Sai abinci. Tuwo, da burkutu."

"Burkutun da yawa?"

"Ai na gayya ba a ƙirgawa. Kuma burkutu ai abinci ne, dawa ce. Kakata ma da shi take karyawa."

Yana faɗa ya ji maganar ta dawo masa a kunne wani iri. Ya saci kallonta yana jiran abin da ya san zai biyo baya: salati, tafa hannu, wa'azin wuta. Musulma ce, ga shi ya gama zayyana mata tulun burkutu. Amma ita ciwon take shafa wa magani, ko girarta ba ta motsa ba.

"Gaya mini," ta ce, "me maganin nan yake yi maka mai daɗi?"

Ya yi sororo. Ba wanda ya taɓa tambayarsa haka. Ya buɗe baki don ya ba da gajeriyar amsa, sai ga magana na zubowa. Ya ce in ya sha ba ya jin bayansa, ba ya jin rana. Ya ce in yana noma a bakin daji, kowane motsin ganye sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka su ne suka dawo, amma in ya sha sai dajin ya koma daji kawai. Ya ce shi ba shi da shanu, ba shi da boko mai nisa, abin da zai nuna wa Baba Tomas ƙarfinsa ne kaɗai.

"Wato yana ɗauke maka gajiya, yana ɗauke maka tsoro, kuma ka so uban yarinyar nan ya ga kai namiji ne da za a ba amana."

"Haka ne," ya ce a hankali. Yadda ta faɗa, ba abin kunya a ciki.

"To, akwai abin da ba ka so game da shi?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon ciwon. A waje wani jariri na tsala kuka, Judah na ba mata dariya da labarin wani direba. Malama Halima ta ci gaba da aikinta, ba ta matsa masa ba.

"In ban sha ba," ya ce daga baya, "ba na iya ɗaga ko fartanya. Jikina sai ya yi kamar an doke ni. Da ƙwara ɗaya tana kai ni yamma, yanzu ba ta kai ni ko hantsi. Kwanaki na daka wa mamata tsawa a kan ruwan wanka. Ban taɓa yi ba."

Ta gyaɗa kai. "Akwai abin da na sani game da maganin nan. Kana so in gaya maka, ko in bar shi?"

"Faɗi, Sista."

"Maganin ciwo ne mai ƙarfi, na wanda aka yi wa aiki ko ya karye. In ya yi yawa a jiki yana kayar da mutum, da shure-shure da kumfa da taune harshe, sak abin da ka ba ni labari. In kuma ya haɗu da burkutu a ciki ɗaya, wani ba faɗuwa yake yi ba, numfashinsa ne ke tsayawa. Ba zan rantse maka ba, don ban da na'urar duba kai a nan. In ka sake faɗuwa bayan ka rabu da shi, sai babban asibiti. Amma mutumin da bai taɓa faɗuwa ba sai ranar da ya ninka, ni dai ga inda zuciyata ta fi karkata." Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Kuma ko da farfaɗiyar ce, ba a ɗaukarta a yawu, ba a ɗaukarta a ƙoƙo, tana da magani, masu ita suna aure suna haihuwa. Wannan ka riƙe shi ko don wani."

Farin ciki ne ya fara zuwa masa, kamar an sauke masa buhu daga ka. Ba farfaɗiya ba ce! Bai gama jin daɗin ba ɗayar maganar ta iso. In ba farfaɗiya ba ce, to sunan abin da ya kayar da shi shi ne wanda ya fizge hannu a kansa ɗazu.

"Wato ni ɗan ƙwaya ne," ya ce, kamar mai karanta hukuncin kansa.

"Ni ban ce ba. Ni manomi na gani da ciwo a damtse. Abin da za ka yi da maganar nan kuwa naka ne, ba wanda zai yanke maka. Shawarata, in ka karɓa: kar ka sake haɗa shi da burkutu, ko sau ɗaya. Kar kuma ka yanke shi rana ɗaya don zuciya, jikinka zai yi maka bore. Ana iya ragewa a hankali, ka riƙa leƙo ni ranar kasuwa muna dubawa. Ana iya tura ka asibitin cikin gari. Kana kuma iya tafiya ka yi tunani. Wanne ya fi kama da kai?"

Ya ce zai rage, zai riƙa zuwa. Ta tambaye shi me ya sa yake ganin zai iya. Ya yi tunani, ya ce lokacin da suka gudu ya goya kakarsa tun daga ƙauye har bakin kwalta, kuma a lokacin bai san taramol ba.

"Ka ji," in ji ta, tana ɗaure bandeji. "Ba ni na faɗa ba."

Har ya kai ƙofa ya juyo. "Sista, don Allah, ko za ki aika wa Baba Tomas cewa ba farfaɗiya ba ce?"

"In na ce ba ita ba ce, zai tambaye ni mece ce. Abin da ka faɗa a ɗakin nan naka ne, ba na fitar da shi. Kai ne za ka san wanda ya cancanci ya ji." Ta leƙa waje. "Mai jariri, shigo!"

Duk maganar ba ta wuce tsawon wanke ciwo da ɗaure shi ba.

Beatrice ya fara gaya wa. Ya tare ta da hantsi a hanyar fanfon tuƙa-tuƙa, ta sauke bokiti ta tsaya kusa da shi, kusa ƙwarai, da gangan, don matan da ke layi su gani. Ta rame. Tun bai buɗe baki ba ta ce, "Kar ka ce mini komai. Na gaya wa Baba, ko sau goma kake faɗuwa a rana ni zan riƙa ɗaga ka. Na je wurin Fasto, na tambayi matar malamin makaranta, duk sun ce ba a ɗauka. Ba na cin tuwon gidanmu sai an janye maganar nan."

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya gaya mata, yana kallon bokitin.

Ta kafa masa ido. Sannan ta ce, da wata murya siririya, "Maimaita."

Ya maimaita.

"Yesu! Japheth! Ni ina can ina faɗa da ubana a kan ciwon da Ubangiji ya ɗora maka, ashe kai ka je kemis da ƙafarka ka sayo abinka?" Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu da ƙarfi kamar su ma sun yi mata laifi. "Ni na ce maka ina son ingarma? Doki zan aura? Da ka zo na ƙarshe a gayyar nan, wa zai mutu?"

"Na so Baba ya ga..."

"Ya gani ai! Kowa ya gani!" Ta ɗauki bokitin, ta sake direwa. "Ka san har yau ba wanda ya taka wurin da ka faɗi? An shuka ko'ina, masara ta fito, wurin nan kaɗai ciyawa. Kunya biyu ka bari a gonar babana, ta ƙasa da ba ka gama ba, da ta ido da ka bar mu da ita. Ni ba zan kai masa wannan labari ba. Na gaji da yi maka magana. Ka san yadda za ka yi."

Ta tafi. Ta yi nisa kaɗan ta waigo, fuska a murtuke. "Hannun yana warkewa?"

"Yana warkewa."

"Allah ya ƙara," ta ce, amma muryar ba ta zagi ba ce.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba, ba kuwa wanda ya buga masa ganga. Hamma, majina, gumi mai sanyi, ƙasusuwa na ciwo kamar ana tauna su. Garmar da yake wasa da ita da hannu ɗaya ta koma kamar an ɗaura mata dutse. A wurin zaman inuwa ya daina karɓar ko tsagaggen ƙoƙon, Judah na tsokanarsa, "Fasto Japheth, yaushe za a naɗa ka mu zo cin shinkafa?" Shi ma Judah yana jefa nasa taramol ɗin a shayi kowace safiya. Japheth bai yi masa wa'azi ba. Ya dai gaya masa abin da ya ji game da haɗawa da burkutu, Judah ya yi dariya, amma a gayya ta gaba an ga ya wuce tulu ya nemi kunu.

Sau ɗaya ya zame. An ji harbi daga wajen daji, daga baya aka ce mafarauta ne, amma kafin a ce ɗin ya riga ya haɗiye abin da ya saba. Ranar kasuwa kamar kar ya je. Ya je, ya faɗa, yana jiran ta ce ya ɓata mata lokaci.

"Amma ka dawo," in ji Malama Halima. "In aka sake harbi, me za ka yi kafin hannunka ya kai aljihu?"

Suka tsaya a kan cewa ba zai ƙara yawo da shi a aljihu ba, zai ba mamarsa ta riƙe. Ba shi ne abu mafi sauƙi da ya taɓa gaya wa Ladi ba. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane, a ranar kuma ta yanka masa kaza.

Saura Baba Tomas. A nan ne gizo ke saƙar, domin saurayi ba ya tsayawa gaban uban budurwarsa ya yi masa doguwar magana. In sun haɗu a hanya ratsewa yake yi ya durƙusa, ba ya ci ba ya sha a gabansa, magana kuwa sai ta bakin manya. Japheth ya auna ya tura kawunsa, sai ya ga kafin maganar ta isa ta bi ta bakuna da yawa, kowa ya ƙara mata gishiri.

Wata safiya da aka kwana ana ruwa, ya saɓa garma ya nufi bakin daji shi kaɗai. Masarar Baba Tomas ta kai gwiwa, kore shar, sai wani fili a tsakiya kamar tabo, ciyawa ta rufe kunyar da ya bari rabi. Ya tsaya a daidai inda ya faɗi. Dajin na gefensa, kowane motsin ganye yana jin sa har cikin ciki. Ya tofa yawu a tafin hannu ya fara.

Kai, ya sha wuya. Kunya ɗaya sai ya tsaya ya dafa ƙugu. Rana ta ɗaga, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Yana cikin haka ya ji ƙarar keke. Baba Tomas ne, dogon tsoho mai furfura, da gorar ruwa da ƙoƙo a rataye a kan keken. Japheth ya saki garma ya durƙusa, kansa a ƙasa.

Tsohon bai dube shi ba. Ya jingine keken a jikin ɗorawa, ya daɗe yana duban sababbin kunyoyin. Sannan ya juya ya fuskanci keken.

"Kai keke," ya ce, "wa ya ce a taɓa mini wurin nan?"

Japheth ya gane ta bakin keke ake yi masa magana, an buɗe masa ƙofa, ƙarama. Ya jawo garmarsa gabansa, ya kafa mata ido.

"Garma," ya ce, "ki gaya wa Baba, wanda ya ɓata wurin ne ya zo gyarawa."

"Keke, ka ce masa mai ciwo ba ya noma shi kaɗai a bakin daji. In ya faɗi wa zai ɗaga shi?"

"Garma, ki ce wa Baba..." Ya ƙara damƙe ƙotar. "Ki ce ba ciwon da ake faɗa ba ne. Ƙwaya ce. Taramol. Na sha fiye da kima don in wuce kowa a gonar Baba, na bi da burkutu. Ni na jawo. Ina zuwa asibiti, ana rage mini, ban gama rabuwa da shi ba tukuna. Ba zan yi wa Baba ƙarya in ce na gama ba."

Wata kurciya na kuka a cikin daji. Japheth na ganin ƙafafun tsohon kawai, cikin takalmin taya, ba su motsa ba. Ya ce a ransa shi ke nan, da mai farfaɗiya da ɗan ƙwaya ai gara na farko, shi ba laifinsa ba ne.

Ƙafafun suka motsa. Baba Tomas ya bi tsohuwar kunyar ranar gayya yana taka ta, ya dawo ya bi sabuwa.

"Keke," ya ce, "ka ga waɗancan na ranar ganga? Sama-sama ne. Ruwan farko ya wanke rabinsu, ni da tsufana na bi ina gyarawa ina zagin mai su a zuci. Waɗannan kuwa," ya danna sabuwar da diddige, ba ta rushe ba, "mai su ba shi da sauri ko kaɗan. Kunkuru ma zai ba shi hanya. Amma ya kai ƙasa."

Japheth ya ji hawaye na ɗiga a kan ƙotar garma, bai iya tare su ba.

"Ka gaya masa ban ce na ba shi ba. 'Yata ba kyautar gayya ba ce. Lokacin masara ya wuce a wurin nan, wake za a sa. Shi zai shuka, shi zai nome, shi zai rore, da ƙarfin da uwarsa ta haife shi da shi, ko da zai kai Kirsimeti yana yi. In na ga waken a rumbu, na kuma ji matar asibitin nan ba ta daina ganinsa ba, to ya turo manyansa."

"Garma, ki ce na gode. Ki ce..."

"Keke, ka ce ya yi mini shiru, ya cika surutu a gaban manya."

Tsohon ya kwance gorar, ya tsiyaya ruwa a ƙoƙo, ya ajiye a kan kunya, ya juya baya yana duban masararsa. Japheth ya ɗauka, shi ma ya juya baya kamar yadda ya kamata, ya sha rabi, ya mayar inda yake. Yana shirin ya ce a zubar da sauran a ɗauraye, sai ya ga hannun tsohon ya sauko ya ɗauki ƙoƙon. Baba Tomas ya kafa kai ya shanye, ya goge baki.

"Yarinyar nan ta cika mini kunne cewa ba a ɗaukar komai a ƙoƙo," ya gaya wa keken yana rataye gorar. "Tun kafin in zo nan na yi niyyar gwadawa. Mu je, keke, mu gaya mata ta ci tuwo haka nan, ta bar mini gida ya huta."

Ya hau ya tafi, keken na ƙara a kan hanyar da ruwa ya cinye. Japheth ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi, ya share fuska da gefen riga, ya duba abin da ya rage na filin. Da saura da yawa, bayansa kuma na ciwo. Ya ɗaga garmar.